Bird and Diz: Faifan Mabusa Biyu da Sawunsa a Zariya

Duk mutumin Minjibir da ya taɓa shiga Kano kallon Hawan Daushe ya san yadda kumatun mai algaita ke cika tim idan busa ta kai busa. Haka kumatun Dizzy Gillespie suke yi, baƙar fatar Amurka da ya shahara da busa tirampet, ƙahon tagulla mai maɓalli uku. Shi da Charlie Parker, mai busa saksofon da ake wa laƙabi da Bird, su ne jagororin faifan Bird and Diz, wanda masu sha'awar kiɗan jaz ke ji da shi har gobe.

An ɗauki faifan a birnin New York ranar 6 ga Yuni, 1950, a ƙarƙashin kulawar Norman Granz, ya fito kasuwa a 1952. Thelonious Monk ne a kan fiyano, Buddy Rich a kan ganguna.

Tun a shekarun 1940 Parker da Gillespie suka assasa salon bibop, kiɗa mai gudun tsiya da ba don rawa aka yi shi ba, don kunne ne. Sukan fara da busa karin tare, baki ɗaya, sannan kowa ya ɓalle ya ƙago nasa nan take, ba rubutu a gabansa. A waƙar Leap Frog, wadda ba ta kai minti uku ba, Parker zai jefo 'yar gajeruwar busa, kafin ya ja numfashi Gillespie ya cafe ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. A Bloomdido kuwa Parker ke jan zarensa son ransa. Masana da dama sun ce dukan Buddy Rich ya yi wa wannan salo nauyi, kuma da gaskiyarsu, amma busar ta rufe aibin.

Daga wancan zama na 1950 Parker da Gillespie ba su sake haɗuwa a ɗakin ɗaukar faifai ba, sai dai a dandamali. Miyagun ƙwayoyi da giya suka kassara Parker, ya mutu a 1955 yana ɗan shekara 34. Gillespie ya kai 1993.

Ina ruwan Bahaushe da wannan? A 1949 akwai wani matashi mai saksofon daga Detroit a ƙungiyar Gillespie, wanda ya musulunta ya koma Yusef Lateef. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya duƙufa a kan sarewar Fulani. A wannan zama ne, a 1983, ya ɗauki faifansa In Nigeria a Legas tare da makaɗan ƙasar nan. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.