Lissafin Antilog: Lamba Ƙarama, Nauyi Babba

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Jama'a, duk wanda ya yi sakandare kafin kalkuleta ta yawaita ba zai manta da ɗan littafin nan na lambobi ba, wanda muke kira fofiga. A cikinsa akwai shafin log, akwai na antilog. Da yawanmu mun iya buɗa shi, amma ba mu san amfaninsa ba.

Wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, John Napier, shi ya fito da wannan dabara a 1614 don rage wahalar ninka manyan lambobi. Log ɗin 100 shi ne 2, domin 10 sau 10 ke nan. Log ɗin 1,000 kuwa 3. In kana so ka ninka 100 da 1,000, sai ka tara 2 da 3, ka sami 5. To, antilog shi ne hanyar komowa gida: shi zai gaya maka cewa 5 ɗin nan tana nufin 100,000.

Lokacin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta Minna, wadda ta isa Kano a 1911, babu kalkuleta. Da irin waɗannan littattafai masu awon ƙasa na zamanin suke lissafi. Yau kalkuleta ta ɗauke wannan wahala, amma ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983 ba su rabu da antilog ba, domin ma'aunai da yawa a kansa aka gina su.

Ga misali: ma'aunin tsamin ruwa da ƙasar noma ana kiransa pH. Gonar doya mai pH 5 ta fi mai pH 7 tsami sau 100, domin bambancinsu 2 ne, antilog ɗin 2 kuwa 100. Wanda bai san haka ba zai ce bambancin kaɗan ne, ya yi asarar taki. Haka ma girgizar ƙasa: a ma'aunin Richter na 1935, mai lamba 7 ta ninka mai lamba 6 sau 10 wajen motsin da na'ura take nunawa.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, in yaro ya ce kalkuleta ta ishe shi, a tambaye shi antilog ɗin 3. In ya ce 1,000 ba tare da ya danna komai ba, to, kuɗin makaranta bai tafi banza ba.