BANGON GIDAN HAYA: IN YA ƁACI WA ZAI GYARA?

Tun zamanin En'e, akawu da malamin makaranta ba su da tabbataccen masauki. Yau an ajiye mutum a Daura, baɗi a tura shi Zango ko Baure, daga nan Mai'aduwa ko Sandamu. An rushe tsarin En'e a 1976, ƙananan hukumomi suka gaje shi, amma canjin wurin aiki yana nan yadda mu ka san shi. Ga kuma baƙi da su ka ƙaru a birnin Daura tun da aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya a 2019, aka kuma soma aikin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi a 2021. Duk waɗannan mutane a gidajen haya su ke kwana. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu yi magana a kan wani abu da a ke rainawa, amma ya kan kai mutanen kirki gaban alƙali, watau ɓarnar da kan sami bangon gida ba da gangan ba.

Wani malamin makaranta da mu ka sani ya kama hayar ɗaki a cikin birni. Ginin na tubali ne, amma an yi masa shafen siminti ciki da waje. Ran nan ya ɗauki guduma zai kafa ƙusa don ya rataya gidan sauro. Bugu na uku sai ga shafe ya ɓamɓaro, faɗin faifai, ya zube ƙasa. Kunya ta kama shi, ga tsoron kada a ce ya biya, sai ya rataya kalanda a wurin ya yi shiru. Wannan kuwa da bazara ne. Da ruwan Agusta ya sauka sai wurin ya dare tun daga sama har gindi, kusurwar ɗakin ta zauna. Mai gida ya zo ya ɗaga kalanda, ya ce, "Haba Malam, ashe haka za mu yi da kai? Na ba ka ɗaki lafiya lau, ka rushe mini, ka kuma rufe?"

Aka tafi wurin mai unguwa, shi kuwa ya aika aka kira wani tsohon magini. Tsohon ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, aka ji yana ƙara kamar ƙwarya. Ya hau soro ya tarar indararo ya daɗe da karyewa, ruwa na ta bin bango ta bayan shafe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙusa ba ta kashe wannan bango ba, ta dai tona asirinsa. Amma da an faɗa tun bazara, da aikin yini guda ne." Aka shirya a kan mai gida ya gyara indararo da bango, malam ya biya kuɗin shafen ɗakin. Kuɗin bai yi masa ciwo ba kamar yadda maganar kalanda ta bi shi har makaranta.

To, me shari'a ta ce? Littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalanmu su ka dogara gare su tun kafin zuwan Turawa ba su bar wannan magana ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, an nuna cewa wanda ya yi hayar abu amintacce ne a kansa, in ya lalace a hannunsa ba zai biya ba, kuma a kan gaskata maganarsa sai fa in ƙaryarsa ta bayyana. An kuma nuna cewa in gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar abin da ya rage ta warware. A cikin Muhtasar na Halil kuwa, ba a tilasta wa mai gida gyara, amma in ɓarnar tana cutar da mazauni, yana da zaɓi ya tashi. Sai dai malamai sun kafa wata ƙa'ida da ya kamata kowa ya riƙe: wanda ya ɓata dukiyar wani ta hanyar ƙetare iyaka ko sakaci, zai biya, ko da bai yi nufi ba. Kuskure ya kan ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biya.

In mun bi wannan, ɓarnar bango iri uku ce. Ta farko ita ce wadda ba hannun kowa: ruwan sama, gara, tsufan gini, ko harsashi da ya nutse. Wannan ta mai gida ce. Ta biyu ita ce wadda zaman yau da kullum ke kawowa, kamar dusashewar fenti, ko ɗan gurbin ƙusa inda al'ada ta yarda a rataya riga ko agogo. Ita ma ba a biyanta, gama don zama a ka ba da ɗakin. Ta uku ita ce ta sakaci, kamar a riƙa zubar da ruwan wanki a gindin katanga, ko a ajiye randa mai yoyo jikin bango, ko a ɗaure rago yana gogar gini, ko a daki dokin ƙofa da babur. Wannan ta mazauni ce, ba gardama. Wanda kuwa ya ga ɓarna ya ɓoye har ta girma, ya fitar da kansa daga sahun amintattu, domin an kama shi da rufa-rufa, maganarsa ta rage nauyi ke nan.

Akwai abin da ya kamata a sani game da ginin kansa. Maginan da su kan yi wa bango yaɓen ƙasa da a ka kwaɓa da ciyawa, sa'an nan su bi shi da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, ko kuwa laso da a ke haɗawa da katsin marina. Irin wannan shafe jinsin bangon ne, yana riƙe shi, kuma in laima ta shiga tana samun hanyar fita. Siminti kuwa bai cika kama ƙasa da kyau ba. In ruwa ya sami kafa ya shiga bayansa, sai ya zauna can yana cin tubali a ɓoye, waje kuwa sumul. Shi ya sa mutum kan taɓa bango kaɗan ya ga ya zube, ya ɗauka laifinsa ne.

Saboda haka ga shawararmu. Ranar da abu ya faru a ranar za a sanar da mai gida ko wakilinsa, a gaban shaida. Wanda ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto ya ɗauka kafin a share ko da ɓarɓashi ne. Kada mazauni ya yi gyara a asirce. In an yarda ya gyara, a faɗi wanda zai biya, a kuma faɗi ko za a cire daga kuɗin haya, a rubuta. In bangon ƙasa ne, a kankare abin da ya saki, a jiƙa wurin, a cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa kaɗan kaɗan, kowane shafi ya sha iska kafin a ƙara wani. In tsakiyar damina ce a kare wurin da zana ko leda, a bar babban aiki sai kaka ta wuce. In na bulo ne, a haɗa awo 1 na siminti da awo 4 ko 5 na yashi mai laushi, a riƙa ba shi ruwa 'yan kwanaki, kada a yi fenti sai ya bushe sarai. Amma tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda yatsa ke shiga, ko wadda ke ƙaruwa, ba aikin mazauni ba ce. A fitar da yara daga ɗakin, a kira magini. Kowace damina mu kan ji labarin bangon da ya faɗa wa mutane suna barci.

In an kasa shiryawa, a fara da mai unguwa, gama ya san gidan ya san mai shi, sa'an nan dagaci ko hakimi. Kotu ita ce matakin ƙarshe, can kuwa wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaida, wanda ya musa rantsuwa ce a kansa. Mu kan ga kuɗin zirga-zirga ya ninka na gyaran, ga ranakun aiki da a ka rasa, ga gaba da ta shiga tsakanin maƙwabta.

Masu gidaje ma muna da magana da su. Wanda ya karɓi kuɗin shekara ya ƙi hawa soro ya duba indararo kafin ruwan fari, bai kyauta ba in ya zo yana neman baƙo ya sāke masa gini. Baƙon nan watakila shi ke koyar da 'ya'yansa.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ku akawuna da malamai, alƙalami sana'arku ce. Ranar da za ku shiga gida, ku zagaya da mai shi ɗaki ɗaki, ku ƙwanƙwasa bango, ku rubuta kowace tsaga da kowane tabo a takarda biyu, kowa ya sa hannu tare da shaidu biyu, ya riƙe tasa. Ranar tashi a sāke zagayawa da takardar a hannu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu rabu da masu masaukinmu lafiya, amin.