Ƙura da hayaƙi: abokan gabar huhu

Mun lura da abu guda. Da hunturu ya kama, tsofaffi masu tari da masu ciwon fuka sukan yawaita a gidajen likita. Mene ne dalili?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iska tana busowa daga arewa maso gabas. Tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga wani kwari mai suna Bodele a ƙasar Cadi. Ita ce hazon da ke rufe Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai. A kan wannan kuma muna ƙara namu hayaƙin: na motoci da kabu-kabu, na leda da tsofaffin tayoyi da ake ƙonawa a juji, da na karan gona.

Ƙura iri biyu ce. Mai kauri tana tsayawa a hanci, mu fyace ta. Mai laushi kuwa ido ba ya ganinta, domin ta fi silin gashi siranta har sau 30. Ita ce ke shiga can cikin huhu. Hanyoyin iska su kumbura, majina ta toshe su. Mai lafiya zai yi tari ya warke. Amma wanda huhunsa ya daɗe da rauni, numfashi ne ke gagararsa, har a kwantar da shi. Masu bincike sun gano cewa ranar da iska ta ƙazanta, da kwanakin da ke biye, ana samun ƙarin masu ciwon huhu a gadon asibiti.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Disamba na 1952, hayaƙin gawayin dutse ya rufe birnin Landan na Ingila kwana 5. Mutum wajen 4000 suka rasu cikin ƴan kwanaki. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4 da dubu 200.

To, me za mu yi?

1. Ranar hazo mai ƙarfi, mai ciwon huhu ya zauna cikin ɗaki. In fita ta zama dole, ya rufe hanci da baki.
2. Mu yayyafa ruwa kafin shara.
3. Kada mai fuka ya tsaya ƙarƙashin iska wurin sussuka da shiƙa.
4. Mu daina ƙona leda da taya kusa da gidaje.
5. Mu bar kara a gona. Yana riƙe ƙasa, ya zama taki.
6. Mu yi sassaben zamani, mu bar gawo da sauran itatuwa su tashi. Suna rage ƙarfin iska.
7. Mai shan taba ya bari.

Tarin da ya wuce sati 2, a je likita a auna majina, don yana iya zama tarin fuka. Wanda numfashi ya sarƙe masa, ko ya kasa magana don haki, a kai shi nan take. Kada a jira gari ya waye.

Hazo ba mu da ikon tsayar da shi. Amma wutar juji da ta gona, hannunmu ne ke kunna su. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.