Gudun Hijira: Wanda Ya Tsallaka Iyaka da Wanda Bai Tsallaka Ba

A majalisun Ƙofa da Kiru, da zarar an tabo zancen matan Zamfara da Katsina da ke bara da goyo a titunan Kano, ba ka rasa mai cewa: “Ai waɗannan Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke ciyar da su, kwaɗayi ne kawai.” Wannan magana tana ɓata mini rai, domin ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ke sa mutum ya janye hannunsa daga aljihu.

Tun 2019 hare-haren ’yan bindiga suka riƙa kora mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, musamman yankin Gidan Rumji. A farkon 2021 hukumar ’yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ce sun kai kimanin 77,000. Kafin wata mota mai tambari ta iso, ƙauyukan bakin iyaka ne suka buɗe musu rumbu da zaure. Daga baya aka yi musu rajista, aka kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, can nesa da iyaka, kamar yadda yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta tanada, don kada maharan su biyo sawu.

To, wannan kulawa ta wanda ya tsallaka zuwa wata ƙasa ce. Ɗan'uwansa da ya gudo Kano bai fita Najeriya ba, saboda haka a doka nauyinsa yana wuyan gwamnatinsa, wato hukumomin agajin gaggawa NEMA da SEMA da hukumar ’yan gudun hijira ta ƙasa. Yaron da ya faɗa gidan maƙwabci unguwa ce ke haɗuwa ta tallafe shi; wanda ke tsakar gidan ubansa kuwa, kowa cewa zai yi ai uban yana nan, ko da uban bai ɗora tukunya ba. Matar da ka gani a bakin titi galibi babu sunanta a kowace takarda, ba ta da katin abinci, ba ta da sansani.

Su ma masu katin ba cikin daula suke ba. Dubi Sudan ta Kudu. Yaƙin da ya ɓarke a Disamba 2013 tsakanin Salva Kiir da Riek Machar ya fitar da mutum sama da miliyan biyu daga ƙasar. Yuganda ta buɗe musu sansanin Bidi Bidi a 2016, ta ba kowane gida ɗan fili ya yi bukka ya noma, duniya ta yaba. Amma a 2025, da Amurka da wasu suka tsuke bakin aljihu, Hukumar Abinci ta Duniya ta yanke wa kusan mutum miliyan ɗaya tallafi a Yuganda.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala kan masu gudun hijira na cikin gida tun 2012. Nijar, da ba ta kai mu arziki ba, ta mayar da ita dokar ƙasa a 2018. Mu abin da muka fi gani shi ne rabon shinkafa gaban kyamara.

Dagatai da masu unguwanni na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su rubuta sunayen baƙin da suka gudo musu, su kai wa ƙaramar hukuma da SEMA, wakilanmu kuma su bi kadin takardar har a ga abin da ta haifar.