Agogo Biyu A Cikin Na'ura Ɗaya

Wanda duk ya shiga kasuwar shanu ta Potiskum ran Laraba zai ga yadda kuɗi suka koma bin na'ura. Dillali ya sallama, mai saye ya nufi wurin mai POS, waya kuwa tana hannun kowa. To, yawancin wayoyin nan, da wasu na'urorin POS ɗin, manhajar Android ce ke tafiyar da su, ita kuwa a kan Linux aka gina ta, watau cibiyar manhajar da Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya fara rubutawa a 1991.

Ita wannan cibiya tana da kundi, kamar na malamin kasuwa, inda take rubuta duk abin da ya same ta, ko zafi ne ya yi yawa, ko faifan ajiya ya ƙi amsawa. In na'ura ta sume ana tsakiyar ciniki, wannan kundi shi ne shaidar mai gyara.

Sai dai shaidar tana da wuyar karatu. Lambar da ke farkon kowane layi ba ƙarfe nawa take nufi ba. Ƙidayar sakan ce tun daga sa'ad da aka kunna na'urar. Alal misali, in ka ga 7200.512340, awa biyu ke nan da rabin sakan bayan kunnawa. Wannan ƙidaya ba ruwanta da agogon bango, don haka ba a kama ta da ƙarya wajen jeranta abin da ya riga wani.

Rigimar tana tasowa ne in mai gyara ya so ya san ko suman ya zo daidai da lokacin da aka ɗauke wuta aka ta da janareto. A kwamfuta mai Linux, sai ya ba da umurnin dmesg -T don a juya masa ƙidayar zuwa kwanan wata. Amma su kansu marubutan umurnin sun yi gargaɗi cewa lissafin yakan karkace in na'urar ta yi barci, domin ƙidayar tana tsayawa muddin barcin. Wanda ya rufe kwamfutarsa daga Azahar zuwa La'asar, kundinsa na iya ɓata da tsawon wannan lokaci, a ɗora wa janareto laifin zafin rana, mai shago ya sayi abin da bai lalace ba.

Shi ma agogon kwanan wata ba abin dogaro ba ne dungum. Wani ɗan batir mai kamar kwabo ke riƙe da shi a kwamfuta, in ya mutu sai agogon ya koma baya. Wata na'urar har takan nuna 1 ga Janairu, 1970, da ƙarfe ɗaya na dare, saboda daga tsakar daren ranar a agogon GMT ake fara lissafi, Nijeriya kuma tana gaba da awa guda.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan masu gyara kaɗai wannan ke wahalarwa. Ran 14 ga Agusta, 2003, wuta ta ɗauke wa mutane wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada. Masu bincike sun sha fama kafin su jera abin da ya faru bi da bi, domin agogunan na'urorin da suka rubuta labarin ba su yi daidai da juna ba.