Gadon Itace: Maganin Hayaƙin Damina

A watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi sauka a Kano da Zariya da Maraɗi, uwargida kan sha wahala a gaban murhu: tana fifita, idanu na hawaye, wuta ta ƙi ci. Sau da yawa laifin na wurin ajiyar itacen ne.

Ɗanyen itace na iya zama rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai laimarsa ta sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kafin nan, zafin da ya kamata ya dafa tuwo yana ƙarewa wajen ƙafar da ruwan, sai hayaƙi ya turnuƙe kicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi ajalin mutum kusan miliyan 3.2 a 2020.

Itacen da aka zube a ƙasa yana tsotsar damshi, gara ta shige shi, kunama da maciji su samu maɓoya. Shi ya sa ake ɗaga shi a kan gado kamar yadda manomi ke ɗora rumbu a kan duwatsu.

Aikin ba ya buƙatar kafinta. Ana kafa gofa huɗu ko shida, musamman na kirya da gara ba ta cika yi mata illa ba, a babbake gindinsu kafin a binne. Sai a gitta azara ko sanduna masu ƙwari, tazarar kamu ɗaya daga ƙasa. Wanda ba shi da gofa, bulo ma ya wadatar. A sama a yi jinka da zana ko tsohon kwano, a karkata shi don ruwa ya zurare. Tunda hadari daga gabas yake tasowa, wannan ɓangaren ake karewa, sauran a bar wa iska. Lulluɓe tarin gaba ɗaya da leda gumi yake sa shi.

A faskara manyan gumagumai tukuna, domin fasasshe ya fi saurin bushewa. A jera su da 'yar rata, ƙirare a gefe guda don hura wuta, gadon kuma nesa da murhu da dangar kara. Marke ko darbejiya da aka jera da hunturu kan bushe sarai kafin ruwan farko.