Jirgin su a teku: riba nawa, wahala nawa?

Wata ranar zubi, bayan an ƙirga kuɗɗi an rufe akwati da makullansa uku, ɗaya daga cikinmu ta ce tana da magana. Ƙanenta da ke zaune a Tema, bakin teku a ƙasar Gana, ya aiko mata da saƙon murya. Wai akwai wani dattijo da ke son sayar da jirginsa na su, da inji da raga, kuma in ta samu bashi daga asusu, ko ma ƙungiya duka ta shiga, to shi zai tsaya a kan abin, mu kuma sai dai mu riƙa jin kuɗɗi suna shigowa.

Aka yi dariya. Wata ta ce, "Mu da ko teku ba mu taɓa gani ba?" Amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ta san irin wannan saƙo. Yau jirgi ne a Tema, gobe babur ne a Kwatano, jibi shago a Lome. Shi ya sa na ga ya dace mu duba maganar da kyau, mu ga yadda matan can, waɗanda aka haifa cikin ƙarnin kifi, suke yi da jirgi.

Abu na farko da zai ba ki mamaki: a bakin tekun Gana mace ba ta shiga jirgi ta tafi su, amma kusan duk kifin da ya taɓa ƙasa hannun mata yake faɗawa. Su ke saye, su ke banda, su ke kai shi kasuwannin cikin ƙasa har Kumasi da Tamale. A garuruwan Fanti kamar Elmina da Moree, masunta suna da sarkinsu, matan kifi ma suna da sarauniyarsu da ake kira konkohema, wadda ke shiga tsakani wajen yanke farashi da sasanta rigima. Kuma akwai mata da yawa da suka mallaki jirage na kansu, wasu ma fiye da ɗaya.

Yadda aka yi suka kai ga haka shi ne abin lura. Da can da filafili da tanti ake tuƙi, tafiya ba ta cin kuɗɗi. Da injin da ake maƙalawa jikin jirgi ya shigo, wajen shekarar 1960, sai su ya koma sana'ar mai jari. Dole a sayi inji, dole a sayi mai kowace fita. Masunci kuwa kuɗɗi ba su kwana a hannunsa. Wa ke da ajiya? Matar da ke banda. Sai ta fara ba da bashin mai da abincin tafiya, a kan sharaɗin in jirgi ya dawo ita za a fara sayar wa. Daga bashin mai aka koma bashin raga, daga nan inji, har wata rana ta ga ai gara ta sayi jirgin gaba ɗaya.

To a nan babbar ribar take, kuma ba inda ƙanen ƴar uwarmu ya nuna ba. Mai jirgi tana cin kuɗɗi sau biyu. Na farko rabonta na mai kaya. Yadda aka fi yi shi ne, in an sayar da kamun, a fara cire kuɗɗin mai da abinci, abin da ya rage a raba biyu: rabi na jirgi da inji da raga, rabi na ma'aikata. Gari da gari akwai ɗan bambanci, amma tsarin ke nan. Na biyu, wanda ya fi girma, kifin nata ne tun kafin ya sauka. Ranar da kifi ya yi ƙaranci, mata ɗari suna tsaye da kwanoni suna rububi, ita ba ta roƙon kowa. Ta ɗauka a farashin bakin ruwa, ta yi banda, ta ajiye, ta fitar lokacin da kasuwa ta yi kyau. Murhun banda da ake kira Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a 1969 tare da matan wata unguwa mai wannan suna a Akra, ya taimaka ƙwarai: ana jera tire-tire na waya bisa juna har hawa da yawa, itace kaɗan, kifi mai yawa. Kifin da aka yi wa banda da kyau yakan yi watanni bai lalace ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Mai jirgi mutum ce da ake jin maganarta. Ɗanta yana da wurin aiki, ɗiyarta tana koyon banda a gindinta, in an yi rasuwa ko suna a gidan ma'aikacinta ita ake kallo. Wannan girma ne, ba na musu. Sai dai shi ma yana da farashinsa, zan dawo kansa.

Yanzu mu juya tsabar mu ga bayanta.

Jirgin su ba abu ɗaya ba ne, abu uku ne, kuma kowanne yana da bakin ci. Gangar jirgin daga itace guda ake sassaƙa ta, wani babban icen kurmi da suke kira wawa, sannan a ƙara katako a gefe. Manyan itatuwan sun yi ƙaranci, sai an shiga daji mai nisa, don haka kuɗɗinsa kullum hawa yake. Inji kuwa, yawanci Yamaha mai ƙarfin doki 40, yini yake cikin ruwan gishiri. Gishiri ba ya jin tausayin ƙarfe. Ga shi kuma kaya ne da ɓarawo ke iya kwancewa ya saɓa a kafaɗa. Raga ita ce ta ukun, kuma babbar ragar zobe da ake kewaye garken kifi da ita sau da yawa ta fi jirgin kansa tsada. Dare ɗaya tana iya maƙalewa a dutse ta yage, ko babban jirgin kamfani ya bi ta kanta ya wuce bai ma san ya yi ba. Akasarin waɗannan jirage ba su da inshora. In ta tafi, ta tafi.

Sannan mai. Mu da muka saba da tunkiya, wadda ko ba ki da ko dala za ta tsinci kara ta ci, sai mu kula: jirgi ba ya motsi sai an zuba masa kuɗɗi, kuma teku ba ta yi wa kowa alkawari ba. Bari mu ɗauki misali da kuɗɗinmu, don lissafi kawai. A ce an zuba jika 80 na mai da abinci, aka kamo kifin jika 200. An cire 80, saura 120, mai jirgi ta ɗauki 60. Alhamdu lillahi. Washegari aka sake zuba 80, aka dawo da kifin jika 30. Wa zai cike gurbin 50 ɗin? Ita. Ma'aikata ba su biyan asara, hasali ma sai ta ba su na cefane. Fita biyu irin wannan sun cinye ribar fita mai kyau, har da ƙari. Gwamnatin Gana tana sayar wa masunta wani mai na musamman a farashi mai rahusa, amma yakan yanke, a yi ta jira, wani lokaci kuma a karkatar da shi ya koma hannun ƴan bumburutu.

Kwanakin aiki ma ba su kai yadda ake zato ba. A yawancin garuruwan bakin tekun ba a fita su ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni. Ranar ake ɗinkin raga. Babban lokacin kifi gajere ne, daga wajen Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ya jawo garken sardin kusa da gaɓa. Kamar damina ce: abin da kika samu cikin wata ukun nan shi za ki ci shekara. A 2019 kuma hukuma ta fara rufe teku wata guda ga ƙananan jirage don kifi ya hayayyafa, daga 2021 zuwa 2024 a watan Yuli aka riƙa rufewa.

Me ya sa aka rufe? Don kifin na ƙarewa. Sardin da danginsa, waɗanda talaka ke ci, sun ragu ƙwarai tun daga shekarun 1990. Jiragen su na gargajiya sun haura dubu goma a gaɓar da ba ta wuce kilomita 550 ba. Ga masu kunna fitila da dare don tara kifi, ga raga mai ƙananan ido da ke kwashe har jarirai, ga manyan jiragen kamfani da suka daɗe suna kama ƙananan kifi su daskarar su sayar a tsakiyar teku, haramtaccen cinikin da ake kira saiko. Abin ya kai a 2023 gwamnati ta dakatar da shigar da sababbin jirage har shekara uku. Don haka in kin ji dattijo yana son sayar da jirginsa, ki tambaya ko tsufa ne kaɗai ya sa.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: jirgi dukiya ce da ke aiki inda idonki ba ya kaiwa. Ko matar da aka haifa a Elmina, tana tsaye bakin ruwa jirginta zai ɓace mata da gani. Ma'aikata goma sha biyar ko ashirin suna can, suna iya sayar da rabin kamun ga wani jirgi, ko su sauka a wani gari, su dawo su ce teku ta hana. Shi ya sa matan can ba su sayen jirgi sai suna da nasu a ciki, ɗa ko ƙane ko miji, wanda ya san ruwa kuma ma'aikata ke jin tsoronsa. Ko da hakan, kullum ana cikin ƴar tsama. Sannan ma'aikacin kirki ba ya zama sai an riƙe shi da bashi: matarsa ta haihu, ke, uwarsa ba lafiya, ke, watan da ba kifi, tukunyarsa a wuyanki take. In kika gaza, ya koma jirgin maƙwabciya, bashinki kuwa sai ranar da Allah ya yi. Girman da na ambata ɗazu, kuɗɗinsa ke nan. Ba na ma son in daɗe kan ranar da igiyar ruwa za ta kifar da jirgi a bakin shiga, a rasa ɗan wani. Yana faruwa.

Yanzu ki ɗora wannan duka a kan mace da ke zaune a Maraɗi ko Tawa. Riba ta biyu, wato ta banda, ba ta samu, don ba ta can. Saura rabon mai kaya kaɗai, wanda shi ne ke ɗauke da duk asara. Tun a tsohuwar dokar su ta Gana ta 2002 kuma aka keɓe lasisin irin wannan jirgi ga ƴan ƙasa, ke nan takarda da sunan wani za a yi ta. Ƙanenta, Allah ya sani, yaron kirki ne, ba wanda ya ce zai ci amana. Amma dako yake yi a tashar jiragen ruwa, bai taɓa kwana a teku ba. Shi ma wani zai ba amana.

Kuɗɗin asusunmu su ma ba a gina su don irin wannan ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, ƙarfin tsarin shi ne bashi ƙarami, mai dawowa da wuri, ga mace da muke gani kowane mako, kuma ƙarshen zagaye a fasa akwati kowa ta ɗauki nata. Jirgi kuwa sai ya yi shekaru kafin ya mai da uwar kuɗɗi, in ma ya mayar. Ranar rabo me za mu raba, katako?

Abin da na ga ya dace mu ɗauka daga matan Gana shi ne matakin da suka fara takawa. Da yawansu har yau ba su da jirgi, kuma ba su so. Suna biyan man fita ɗaya, su karɓi kifi, in ba a kamo ba bashin ya koma fita ta gaba. In masuncin ya cika wasa, su canza wani. Asararsu tana da iyaka. Wannan dubara ba sai a teku ba. Muna da tabkin Madarunfa, muna da Tabalak da Gidimuni, ga kogi daga Yamai har Gaya. Wata a ƙungiyarmu ta ce surukarta haka take yi shekara da shekaru: ta saya wa masunci raga, shi kuma duk tarwaɗa da karfasa da ya kamo ita ce ta farko, ta soya wasu ta yi bandar wasu. Jirginsa na katako ne, ba inji ba mai, kuma daga inda take zaune tana hango shi. Can ma akwai nasu ciwon kai, don tabki yana janyewa da rani, kuma akwai lokacin da ake hana su. Amma in raga ta yage, raga ce kawai ta yage.

A ƙarshe ba mu ce wa ƴar uwarmu a'a kai tsaye ba. Ma'ajiyarmu ce ta ba da shawara a tura masa tambayoyi biyar: shekarun jirgin da na injin nawa, sunan wa za a sa a takarda, wa zai shugabanci ma'aikata kuma mene ne tsakaninsu, fita nawa jirgin ya yi bara da abin da ya kawo, sannan wa zai biya mai in an dawo hannu wofi. Aka ɗauki muryarta a WhatsApp aka tura.

Bayan kwana huɗu ya amso. Ya faɗi shekarun injin, ya ce takarda da sunan wani abokinsa ɗan Tema za a yi. Sauran ukun ya ce zai tambayo. Mako uku ke nan yanzu. Ita kuwa a zubin da ya wuce ta ɗauki bashin jika 25, ta ce za ta je Madarunfa ranar kasuwa ta ga yadda ake cinikin banda.